Naso a Kan Waya: Daidaita Siginar Bayanai Mai Tsananin Gudu Yayin Awo da Osiloskof

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ke samun siginar bayanai idan ta ratsa wayar HDMI ko USB ko layin jan ƙarfe na cikin kwamfuta da gudun biliyoyin bit a sakan guda. Ta kuma bayyana dalilin da ya sa injiniyoyi ba sa yanke wa irin wannan sigina hukunci da na'urar osiloskof sai sun fara daidaita ta. An ɗauki wata matsala da masu gyaran kayan lantarki na cikin birnin Kano ke cin karo da ita a matsayin mafari. An aro kalmar naso daga fagen tsarin sauti domin fassara cakuɗuwar alamu a kan waya, sannan aka nuna cewa sakamakon awo ba ya zama hujja sai an faɗi irin madaidaicin da aka yi amfani da shi.

1.0 Gabatarwa

A unguwannin cikin ganuwar Kano, irin su Jakara da maƙwabtanta na gefen Kasuwar Kurmi, gidajen kallon ƙwallo da shagunan masu tura finafinai a waya sun dogara ne da wayoyi iri biyu, wato HDMI da USB. Akwai wata jayayya da ta saba tashi a kansu. Mutum zai sayo doguwar wayar HDMI mai tsawon mita 10 ko 15, ya haɗa dikoda da talabijin, sai hoto ya riƙa ɗaukewa, ko kuwa fararen ɗige-ɗige su riƙa ƙyalli a fuskar allo. Idan ya mayar da ita, mai shago zai jona ta a tasa talabijin, ta yi aiki lafiya lau. A kai wa mai gyara, ya ɗora mitarsa ta gwaji a kan kowane tsinke, mita ta yi ƙara, alamar babu inda wayar ta tsinke. Mai saye bai yi ƙarya ba, mai shago ma haka, mita kuma ba ta lalace ba.

Bakin zaren yana cikin wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwar talabijin da ba a gani da ido, wanda aikinsa shi ne gyara siginar da waya ta lalata kafin a karanta ta. Ƙarfin wannan sashe ya bambanta daga talabijin zuwa talabijin. Wannan maƙala za ta kira shi madaidaici, aikin nasa kuma daidaitawa. Shi ne kuma abin da injiniya ke kwaikwaya a cikin osiloskof idan yana son ya san ko waya ko na'ura ta cika ƙa'ida.

2.0 Abin da ke Samun Sigina a Hanya

A da, kwamfuta kan aika bayanai ta wayoyi da yawa a jere, bit takwas ko fiye a lokaci guda, kamar yadda tsohuwar wayar firinta take. Da gudu ya ƙaru sai ya zama da wuya bit ɗin su isa tare. Aka koma aika su ɗaya bayan ɗaya ta tagwayen wayoyi, tamkar mutane a ƙunƙuntaccen lungu, amma da gudu mai ban mamaki. USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, tana ɗaukar megabit 480 a sakan. USB 3.0 ta 2008 ta kai gigabit 5. HDMI 2.0 ta 2013 tana ɗora kusan gigabit 6 a kan kowane ɗaya daga layukanta uku na hoto. Layin PCIe da ke cikin kwamfuta ya faro da 2.5 a 2003, ya kai 8 a 2010, ya kai 32 a 2019.

A gudun gigabit 5, rayuwar kowane bit fikosakan 200 ce, wato kashi ɗaya cikin biliyan 5 na sakan. Sigina tana tafiyar kimanin santimita 20 a cikin nanosakan ɗaya a irin wannan waya. Ke nan tsawon bit guda a jikin waya bai wuce santimita 4 ba, kuma wayar da ta kai mita 3 tana ɗauke da bit kusan 75 a cikinta a lokaci guda, suna bin sawun juna. A nan waya ta tashi daga matsayin abin haɗa wuri da wuri kawai. Ta zama hanya mai nisa, mai halinta.

Halin nata shi ne tana cin kaɗawa mai sauri fiye da mai nawa. Dalili na farko, wutar lantarki mai saurin kaɗawa ba ta ratsa tsakiyar jan ƙarfe, sai dai ta bi fatarsa. A kaɗawa 50 cikin sakan, irin ta wutar gida, zurfin wannan fata ya kai kusan milimita 9, saboda haka siririyar waya gaba ɗayanta tana aiki. A gigahaz 1 kuwa zurfin ya koma kimanin maikromita 2, bai kai kashi ɗaya cikin 20 na kaurin silin gashi ba. Hanya ta ƙuntata, turjiya ta ƙaru. Dalili na biyu, robar da ke naɗe da waya da allon da aka shimfiɗa layuka a kansa suna shanye wani kaso na ƙarfin sigina su mayar da shi zafi, kuma shan yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar kaɗawa. Na uku shi ne amsa-kuwwa: an tsara wayar USB a kan turjiyar om 90, ta HDMI a kan om 100, kuma duk inda aka sami saɓani, kamar a mahaɗa mai sako-sako ko inda waya ta lanƙwashe, wani ɓangare na sigina yakan komo baya ya sake isowa a makare.

Wanda ya taɓa sauraren lasifika daga nesa ya san makamancin wannan. Karin murya da wasula suna isowa, amma /s/ da /sh/ da /ts/ su ne ke fara ɓacewa, domin iska ta fi cin sauti mai saurin kaɗawa. A sigina, kaɗawa mai sauri ita ce ke ba bit kaifin bakinsa, tashi farat ɗaya da sauka farat ɗaya. Idan ta tafi, bit ya dakushe, ya baje.

Rafin Jakara, wanda Tarihin Kano ya ambata a matsayin kurmi mai baƙin ruwa tun zamanin Barbushe, zai iya ba da misali. A ce mutum ya zuba kofi guda na shuni a cikin ruwa mai gudu, wani kuma yana tsaye can ƙasa yana kallo. Ba zai ga dunƙulen shuni ya wuce ba. Zai ga launi ya fara bayyana kaɗan-kaɗan, ya yi ƙarfi, sannan ya ja doguwar jela. Idan ana zuba kofi ɗaya duk bayan minti goma, mai kallo zai ƙirga su ba kuskure. Idan kuwa ana zubawa duk bayan sakan biyu, jelar na farko za ta hau kan na biyu, ta biyu ta hau kan na uku, har ya kasa bambance inda aka zuba da inda aka tsallake.

Masana tsarin sautin Hausa suna da sunan wannan hali tuntuni. Naso a asali shi ne yadda danshi ko tawada ke ratsawa ta shiga inda ba a sa ta ba, kuma da shi ake kiran tasirin da sauti ke yi a kan maƙwabcinsa, kamar yadda ake rubuta gidan Bala amma a furta gidam Bala, ko rigar Sani ta koma rigas Sani a bakin wasu. Saboda haka nason alamu ya fi dacewa da abin da ke faruwa a kan waya fiye da duk wata doguwar fassara. Bambanci ɗaya ne abin lura. A Hausa, galibi sautin da ke tafe ne ke yin tasiri a kan wanda ya gabace shi. A kan waya kuwa mafi yawan naso jela ne, wato alamar da ta wuce ce ke ɓata wadda ke biye da ita, ko da yake akwai ɗan kaso da ke riga alamar isa.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A watan Agusta na 1858 aka kammala shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a ƙarƙashin Tekun Atilantika, tsakanin Ailan da Newfoundland. Saƙon Sarauniya Victoria mai kalmomi 98 ya ɗauki kimanin awa 16 kafin ya gama isa, domin dole a jira jelar kowace alama ta janye. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya riga ya nuna cewa wannan jinkiri yana ƙaruwa ninkin-ba-ninkin, idan tsawon waya ya ninka biyu jinkirin ya ninka huɗu. Wildman Whitehouse, mai kula da lantarkin kamfanin, ya ɗauka ƙarfi ne ya yi kaɗan, ya tura wa wayar bolt kusan 2,000, ta mutu bayan 'yan makonni. Ɗaga murya ba ya maganin naso, domin jela ma ƙaruwa take yi tare da alamar. A 1928 Harry Nyquist ya shimfiɗa sharaɗin lissafi na yadda alamu za su bi juna ba tare da sun ɓata juna ba, a 1965 kuma Robert Lucky na ɗakin binciken Bell ya samar da madaidaicin da ke saita kansa gwargwadon halin layin da ya tarar.

3.0 Ido a Fuskar Osiloskof

Osiloskof na'ura ce da ke zana hawa da saukar ƙarfin lantarki a kan allo, lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama. Asalinta bututun da Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. Ta zamani kuwa kwamfuta ce da ke ɗibar samfurin sigina sau biliyoyi a sakan, ta adana, ta yi lissafi a kai.

Ba wanda zai iya bin miliyoyin bit ɗaya bayan ɗaya da ido. Abin da ake yi shi ne a yanyanka doguwar siginar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsawon bit ɗaya ko biyu, a ɗora su a kan juna. Idan siginar lafiyayya ce, layukan za su taru a sama da ƙasa, su gitta juna a gefe biyu, su bar fili a tsakiya mai siffar ido. Tsayin idon shi ne ratar da ke tsakanin 1 mafi rauni da 0 mafi rauni. Faɗinsa kuma shi ne lokacin da mai karɓa ke da shi na ɗaukar hukunci ba tare da ya faɗa kan gaɓar canji ba.

Ga misali na lissafi, wanda aka zaɓi alƙalumansa domin sauƙin fahimta. A ce ana aika 1 a matsayin bolt ɗaya sama da sifiri, 0 kuma bolt ɗaya ƙasa da sifiri. Bayan doguwar waya, alama guda ta baje kamar haka: 0.5 ya tsaya a gurbinta, 0.1 ya riga ta ya shiga gurbin da ke gabanta, 0.25 ya zube a gurbin da ke biye, 0.15 a na bayansa. Yanzu a ɗauki 1 guda da 0 suka kewaye ta gaba da baya. Nata ƙarfin 0.5 ne. Maƙwabtanta uku kuma suna janyo ta ƙasa da 0.25 da 0.15 da 0.1, jimilla 0.5. Abin da ya rage sifiri ne, daidai kan iyakar da ke raba 1 da 0. Ido ya rufe.

Abin sha'awa a wannan lissafi shi ne idan aka tara kason huɗun, 0.1 da 0.5 da 0.25 da 0.15, za a sami ɗaya cif. Ba abin da ya zube a hanya, bajewa kawai aka yi. Wannan ne dalilin da ya sa mitar mai gyara ke cewa waya lafiyarta ƙalau. Mita tana tura wuta tsayayya wadda ba ta kaɗawa, ta jira, ta ga duk ta iso. Amsar da ta bayar daidai ce, tambayar ce ba ita ba ce. Haka nan kuma wannan ne dalilin da ya sa rufaffen ido bai zama shaidar mutuwar sigina ba. Naso yana da ƙa'ida, iri ɗaya yake yi wa kowace alama, kuma abin da ke da ƙa'ida ana iya warware shi, kamar yadda kunnen Bahaushe ke jin gidam Bala ya mayar da shi gidan Bala ba tare da ya sani ba.

4.0 Hanyoyin Daidaitawa

Hanya mafi tsufa a waɗannan layuka ana yin ta ne tun daga wajen mai aikawa. Tunda an san waya za ta dakushe gaɓar canji, sai a aika bit na farko bayan kowane canji da cikakken ƙarfi, a rage ƙarfin waɗanda ke maimaita shi. USB 3.0 ta ƙayyade wannan ragi da desibel 3.5, wato bit mai maimaici yana fita da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. PCIe 2.0 ta ba da zaɓi tsakanin 3.5 da 6, wanda shi ne rabi. Injiniyoyi suna taƙaita sunan dangin wannan dabara da FFE. Tana iya kai hari kai tsaye ga nason da ke riga alama isa.

Ta biyu tana bakin ƙofar mai karɓa, ana kiran ta CTLE. Matata ce da ke danne kaɗawa mai nawa ta bar mai sauri, domin ta rama abin da waya ta yi akasinsa. Duk wanda ya ga mai kayan sauti a gidan biki yana rage ƙugi yana ƙara kaifi a jikin ikwalaiza ya ga wannan aiki. Aibinta shi ne ba ta san bambancin sigina da hayaniya ba. Duk abin da ya zo da saurin kaɗawa za ta fifita shi, har da kutsen da ke tsallakowa daga layin da ke kusa.

Ta uku ita ce mafi wayo, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ana kiran ta DFE, wato daidaitawa ta hanyar waiwayen hukunci. M. E. Austin ne ya bayyana ta a jami'ar MIT a 1967. Mai karɓa ya riga ya yanke hukunci a kan bit ɗin da ya wuce, ya ce 0 ne. Ya kuma san cewa kowane bit yana barin jelar 0.25 a gurbin da ke biye. Sai kawai ya cire wannan jela daga abin da ya iso yanzu kafin ya yanke sabon hukunci. A misalin da ya gabata, waiwaye ɗaya zai mayar da sifirin nan ya zama 0.25, ido ya buɗe. Waiwaye biyu zai kai shi 0.4. Ragowar 0.1 kuwa ba ta taɓuwa, domin ta fito ne daga bit ɗin da bai iso ba tukuna, kuma ba a waiwayen abin da ke gaba.

Fa'idarta ita ce ba ta ƙara hayaniya, tunda abin da take cirewa tsabtataccen lissafi ne. Haɗarinta kuma sananne ne ga duk mai nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami. Mai karanta takardar da tawadarta ta yi naso yakan dogara da kalmar da ya riga ya karanta domin gane wadda ke biye. Muddin ya karanta ta farko daidai, aiki yana tafiya. Ranar da ya yi kuskure a kanta, kuskuren zai ja shi ya karkatar da ta biyu, wataƙila har da ta uku. Haka DFE take: hukunci ɗaya na kuskure yana sa ta ƙara naso maimakon ta rage, sai kurakurai su zo a jere.

Na'urorin yau suna haɗa hanyoyin, kuma suna saita su da kansu a duk lokacin da aka jona waya. Kafin USB 3.0 ta aika ko bit ɗaya na bayanin mai amfani, tana maimaita wani sanannen jerin horo sau 65,536 domin madaidaicin ɗaya ɓangaren ya koyi halin wayar. Idan horon ya ci tura, na'urar takan koma amfani da tsofaffin tagwayen wayoyi na USB 2.0 da ke cikin kebul ɗin. Mai tura finafinai ba zai ga wani saƙon kuskure ba. Zai dai ga aikin da ya saba ƙarewa nan da nan yana jan ƙafa.

5.0 Awo: Wane Ido Ake Aunawa?

Madaidaici yana can cikin ƙwayar silikon, inda tsinken osiloskof ba ya kaiwa. Iyakar inda injiniya zai taɓa shi ne ƙafafun ƙwayar ko bakin mahaɗa, wato kafin a yi gyara. A gudu mai yawa, idon da zai gani a wurin rufaffe ne, ko da na'urar tana aiki ba kuskure. PCIe 5.0 ta yarda hanya ta ci desibel 36 a gigahaz 16, ma'ana abin da ke isowa a wannan kaɗawa bai kai kashi ɗaya cikin 60 na abin da aka aika ba. Wanda ya yi hukunci da wannan ɗanyen hoto zai kayar da na'ura mai lafiya.

Mafita ita ce osiloskof ta kwaikwayi mai karɓa ta hanyar manhaja. Tana ɗaukar doguwar sigina, a gwajin USB 3.0 bit miliyan ɗaya. Tana cire tasirin wayoyin gwajin da aka jona mata, domin kada a ɗora wa na'ura laifin kayan awo. Idan ana gwada mai aikawa ne, tana ƙara tasirin wata ƙayyadaddiyar hanya mai wahala da ƙa'ida ta tanada, tamkar an jona mafi tsawon wayar da aka halatta. Daga nan sai ta bi da siginar ta CTLE. Sannan ta ciro agogo, domin waɗannan layuka irin su USB 3.0 da PCIe suna sa mai karɓa ya gano bugun lokaci ne daga gaɓoɓin canjin siginar kanta. Bayan haka ne DFE za ta yi aiki, in akwai ta, tunda ba ta iya hukunci sai ta san lokacin da za ta duba. A ƙarshe a zana ido. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya nemi ciro agogo daga rufaffen ido kafin CTLE zai sami agogo mai rawa, duk abin da ya biyo baya kuma ya gurɓata.

A nan ne jarabawar mai awo take. Manhajar osiloskof ba ta da ƙuntatawar da ƙwayar silikon ke da ita ta wuta da zafi da fili. Ana iya ba ta waiwaye goma ko ashirin, a matsa mata har ta buɗe idon da babu wata talabijin ko kwamfuta a kasuwa da za ta iya buɗewa. Hoton zai yi kyau, na'urar kuma ta gaza a hannun mai saye. Saboda haka ƙungiyoyin da ke tsara waɗannan ƙa'idoji suka ƙayyade madaidaicin ma'auni, wanda da gangan aka yi shi matsakaici. A USB 3.0, CTLE ce kaɗai, kuma dole tsayin ido ya kai milibolt 100 bayanta. A USB 3.1 mai gigabit 10 an ƙara DFE mai waiwaye ɗaya, aka sauko da tsayin zuwa milibolt 70. PCIe 3.0 ta ba da CTLE mai matakai daga desibel 6 zuwa 12 da waiwaye ɗaya, 4.0 ta ba da biyu, 5.0 ta ba da uku, idon da ake nema kuma bai wuce milibolt 15 ba. Ma'anar ma'aunin ita ce duk mai aikawa da ya ci jarrabawa da wannan matsakaicin madaidaici zai yi aiki da kowane mai karɓa da ya cika ƙa'ida.

Ke nan rahoton da ya ce ido ya buɗe, bai faɗi madaidaicin da aka sa da matakinsa da yawan waiwaye da yadda aka ciro agogo ba, bai ce komai ba. Masu nazarin harshe sun san irin wannan sharaɗi. Wanda ya kawo bayanan fili dole ya faɗi ko rubutun furuci ya yi ko na ƙa'ida, domin gidam da gidan duka gaskiya ne, amma ba matsayi ɗaya suke wakilta ba.

Akwai kuma iyakar na'urar awon kanta. Sigina mai gigabit 5 tana kaɗawa sau biliyan 2.5 a sakan idan 1 da 0 suna musanya, kuma domin a ga kaifin bakinta ana so osiloskof ta iya ganin ninki biyar na wannan, wato gigahaz 12.5. Irin wadda aka saba gani a teburin gyara ko ɗakin gwajin ɗalibai, mai megahaz 100, ba za ta nuna komai ba face dishi-dishi. Babbar ma tana da tata hayaniyar, kuma CTLE ta manhaja za ta fifita wannan hayaniya kamar yadda take fifita sigina, ta sa ido ya yi ƙanƙanta fiye da yadda yake a zahiri. Sannan ƙa'ida tana neman kuskure kada ya wuce ɗaya cikin bit tiriliyan ɗaya. A gudun gigabit 5 wannan kuskure ɗaya ne a duk sakan 200. Bit miliyan ɗayan da osiloskof ta kama bai kai ko kusa da haka ba, don haka sauran hasashe ne na lissafi, wanda ake yi bayan an raba rawar lokaci gida biyu, mai ƙa'ida da marar ƙa'ida. Daidaitawa tana maganin kaso mai ƙa'ida ne kurum. Hayaniyar da ba ta da tsari ba ta da makwarin da za a bi a warware ta.

6.0 Abin da ya Rage wa Mai Gyara da Mai Harshe

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tsaya ne a kan harshe da adabi da dabarun koyarwa. Matasan da ke koyon gyara a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut kuwa da Hausa ake koya musu aiki, ana cusa kalmomin Ingilishi a inda Hausar ta tsaya. Sunayen kayan aiki ba su da wahalar aro. Abin da aro ba ya kawowa shi ne fahimtar dalili. Yaron da aka ce wa waya ba ta tsinke ba, naso take yi, ya riga ya sami rabin bayanin, domin ya san tawada, ya san danshin bango. Kalmomi irin su naso da jela da ido da waiwaye suna nan a harshen, jiran mai ɗauka suke yi.

Ko ba osiloskof, wannan fahimta tana ba da gwaji mai sauƙi. Hoton HDMI ba a sake aiko shi idan ya lalace, shi ya sa kuskuren bit ke bayyana a matsayin ɗigo mai ƙyalli. Gudun layin kuma ya danganta ne da girman hoton da aka zaɓa. A 4K mai firam 60 cikakken launi, kowane layi yana ɗauke da gigabit 5.94 a sakan. A 1080p ya sauko zuwa 1.485. A 1080i ko 720p kuwa megabit 742.5 ne, wato kowane bit ya sami lokaci ninki takwas na wanda yake da shi a 4K. Idan aka rage girman hoto a saitin dikoda ɗige-ɗigen suka ɓace, to waya ba ta tsinke ba, talabijin ma ba ta lalace ba. Nason wayar ne ya fi ƙarfin madaidaicin wannan talabijin a wancan gudu. Sai a nemi gajeriyar waya, ko mai kaurin jan ƙarfe, ko irin wadda aka dasa wa madaidaici a cikin kanta. Wannan ta ƙarshe tana da gaba da baya, an rubuta a jikin kowane kai inda za a jona shi, kuma idan aka juya ta ba za ta ba da hoto ba sam.